Mene ne taimsheya, kuma me ya sa ake gwanjonta dala 1 a eBay?

In ka shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka rubuta timeshare a wajen bincike za ka ga abun mamaki, ɗaki biyu da falo da kicin a Orlando ko Las Vegas, ga hoton wajen ninƙaya ga bishiyoyin kwakwa ga gado an gyara shi tsaf, sannan farashi dala 1 kacal, wani mai sayarwan ma har cewa yake shi zai biya kuɗin canja takardu, wani kuma ya ƙara maka da katin siyayya na kyauta in dai za ka karɓa. Toh jama'a, banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ya sayi abu dala dubu ashirin ya dawo yana roƙon a karɓa a dala ɗaya, akwai abun da yake gudu, kuma wannan abun shi nake so mu fahimta, musamman 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Turai da masu yawan zuwa hutu can.

Ita taimsheya tsari ne na mallakar lokaci a ɗakin hutu. Shekara sati 52 ce, sai kamfani ya gina wajen shaƙatawa ya ɗauki ɗaki guda ya yanka shekarar sati-sati ya sayar wa mutum kusan hamsin, kowa da satinsa, kai kana da sati na 27 misali, duk shekara in satin ya zo ɗakin naka ne, kana fita wani ya shigo. A Turai aka fara cikin shekarun 1960, kamfanin Hapimag na Suwizalan da aka kafa a 1963 yana cikin na farko-farko, sai wani wajen wasan ƙanƙara a tsaunukan Faransa. Daga nan ta tsallaka Amurka ta samu gindin zama, a 1974 aka kafa RCI, kamfanin da ke haɗa masu sati su yi musaya, kai ka ba da naka na Fulorida ka karɓi na wani a Hawai. Marriott suka shigo a 1984, Disney a 1991, yanzu gidaje kusan miliyan goma ne a Amurka ke da ita.

Kala-kala ce. Akwai tsayayyen sati da ba ya canjawa, akwai wanda za ka zaɓa cikin wani zango na shekara amma sai ka yi rige-rige da sauran masu shi wajen kama rana, akwai kuma na maki wanda shi ya fi yawa yanzu, a ba ka maki duk shekara ka kashe su a dararen da kake so. Ta fuskar takarda kuma wata mallaka ce ta din-din-din da sunanka a rajistar filaye, wata kuma haƙƙin amfani ne kawai na wasu shekaru, kamar yawancin na Meziko, ko na Disney da tsofaffin wurarensu kwantiraginsu zai ƙare a 2042. Shi tsarin a karan kansa ba damfara ba ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tattauna shi a zamanta na Malesiya a 2007 ta halatta shi da sharuɗɗa, kuma an yi makamancinsa a hasumiyar Zamzam da ke Makka inda aka sayar da haƙƙin zama na shekara 24. Matsalar tana wajen lissafi ne.

Sabuwa daga hannun kamfani, matsakaicin farashinta a Amurka ya haura dala dubu ashirin, kamar yadda ƙungiyar masu harkar da kansu wato ARDA ke fitarwa. Amma kaso mai tsoka na wannan kuɗin ba na gini ba ne, na talla ne, kwamishon ɗin dillalai, da abincin safe da tikitin kyauta da ake jan mutane da su zuwa zaman da aka ce na minti 90 ne ya koma na awa huɗu ana matsa musu su sa hannu yau-yau. Shi ya sa ana gama sa hannu darajar take faɗuwa warwas. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ta hannu ta fi araha, amma bai bayyana dala 1 ba.

Abun da ya bayyana dala 1 shine kuɗin kula da waje. Duk mai sati dole ya biya duk shekara, kuɗin gyara da shara da albashin ma'aikata da inshora da harajin gini, kuma matsakaicinsa yanzu ya wuce dala dubu a shekara, manyan ɗakuna a wurare irin su Hawai sun ninka haka. Ka je za ka biya, ba ka je ba za ka biya, kana asibiti za ka biya, aiki ya tsaya za ka biya, kuma ba kai ke yanka kuɗin ba, kwamitin wajen ne ke zama ya ƙara, kusan duk shekara sai ya hau. Mu ce ka fara da dala 1,200 yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari duk shekara, cikin shekara goma ka zuba sama da dala 15,000 a kan abun da ka saya dala ɗaya. Kamar a ba ka kyautar doki ne, ranar da aka kawo shi kowa na taya ka murna, washegari ga harawa ga dusa ga kanwa ga mai yanko ciyawa, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci, kuma wannan dokin ba ya mutuwa, in ka kai shi kasuwa ba mai taya shi.

Bayan wannan akwai kuɗin gaggawa da ake yankawa daban. Rufi ya lalace, lifta ta tsufa, ko guguwa ta yi ɓarna irin wadda Ian ta yi a kudu maso yammacin Fulorida a 2022, in inshora da asusun ajiya ba su isa ba sai a raba sauran a kan masu satuttuka, takarda kawai za ka gani ta ɗaruruwa ko dubban daloli. Kuma abun da ya fi ɗaure min kai shine da yawa daga masu jefa satinsu a gwanjo sun riga sun ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa irin wannan kuɗin na tafe, shi ya sa suke sauri, kai da ke can nesa kana kallon hoto ba ka da labari.

Tsofaffin wuraren da aka gina a shekarun 1970 da 1980 su suka fi cika gwanjon nan, kuma akwai wata masifa da ke cin su a hankali. Masu satuttukan sun tsufa, wasu sun rasu, wasu sun daina biya, to kuɗin da ba a biya ba ai ba ɓacewa yake ba, a kan waɗanda suka rage ake ɗora shi, kuɗi ya ƙara hawa, wasu su ƙara guduwa, haka abun ke ta juyawa. Har akwai masu kafa kamfanin bogi wanda ba shi da ko sisi, su karɓi dubban daloli a hannun tsofaffi da sunan za su raba su da nauyin, su juya takardun zuwa sunan kamfanin sannan su bar shi ya nutse da bashin. Wasu kuma irin waɗannan kamfanonin da aka biya su karɓa su ne ke kawo satin eBay, riba sun riga sun ci tun a wajen mai shi na farko, kai kawai suna neman sunan da za a rubuta a takarda ne. Irin wannan mai sayarwan bai taɓa taka wajen ba, shi ya sa za ka ga talla ta ce ɗaki yana kallon teku ashe filin ajiye motoci yake kallo, ko ta ce duk shekara ashe shekara bibbiyu ne, ko kuɗin kulan da aka rubuta na shekara uku baya ne.

Sai batun wane sati ne ma. Satin Kirsimeti a wajen wasan ƙanƙara na Kolorado da satin watan Mayu lokacin da ƙanƙara ta narke ta koma taɓo, kuɗin kulansu galibi ɗaya ne, amma na farkon zinare ne na biyun ko kyauta ba a so. Haka satin Satumba a gaɓar Fulorida, tsakiyar lokacin guguwa yara kuma sun koma makaranta. Za a ce maka ai ba komai sai ka yi musaya a RCI ko Interval International, eh za ka iya, amma sai ka biya kuɗin zama memba duk shekara, ka biya kuɗin kowace musaya, kuma sati mara ƙarfi mara ƙarfi yake jawowa.

Ga wata alama da ya kamata mutum ya riƙe. Manyan kamfanoni irin su Disney da Marriott da Hilton a yawancin wurarensu suna da haƙƙin su fara saye, wato in an yi ciniki tsakanin mutum biyu sai an kai musu, in farashin ya yi musu su karɓe a haka su sake sayarwa da tsada. Ma'ana kaya mai kyau ba ya cika faɗowa ƙasa haka. In ka ga sati ya kai dala 1 kuma kamfanin da ya gina wajen bai waiwaye shi ba, to ka tambayi kanka me suka sani. Kuma ko a masu kyan, mai sayen ta hannu ba ya samun duk gatan mai sayen sabuwa, Disney tun Janairun 2019 suka sa doka cewa wanda ya sayi makin otal ɗinsu na Riviera a hannu a nan kaɗai zai iya kwana da su.

Dala 1 ɗin kanta ma ba ita ce za ka biya ba ranar ciniki, akwai kuɗin kamfanin da zai rufe cinikin, kuɗin rajista, kuɗin canja suna da wajen ke karɓa, sau da yawa da kuɗin kulan shekarar gaba ɗaya, in kuma akwai tsohon bashi a kan satin to yana iya biyo ka, wajen ya hana ka shiga sai an biya.

Wanda ya shiga ya ga ba zai iya ba, a nan ne ake yi masa cuta ta biyu, kuma wallahi wannan ɓangaren ya fi ba ni tausayi don tsofaffi masu cin fansho ya fi kamawa. In ka daina biya a Amurka za a miƙa ka ga masu karɓar bashi, a ƙwace satin, a ɓata maka tarihin bashinka wanda da shi ake duba ka wajen hayar gida da rancen mota. Sai kamfanonin "za mu fitar da kai" su taso, su karɓi dubbai tun kafin su yi komai, ɗaya daga manyansu Timeshare Exit Team sai da babban lauyan jihar Washinton ya maka su kotu suka amince da biyan sama da dala miliyan biyu a 2021. Akwai kuma masu kiran waya su ce sun samo maka mai saye a Meziko da farashi mai tsoka, ka turo kuɗin haraji kawai, ka tura su ce saura na banki, haka har sai sun tatse ka. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kusan dubu shida sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanyar, kuma baitulmalin Amurka ya danganta harkar da ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta CJNG a yankin Puerto Vallarta da ke Meziko.

A Turai doka ta ɗan fi tsauri, Tarayyar Turai ta ba mai saye kwana 14 ya janye, a Sifen kuma kotun ƙoli ta yanke a 2015 cewa kwantiragin har abada da aka sayar bayan dokar 1998 ba shi da inganci don doka ta tsaida shekara 50. A Amurka kowace jiha da nata, Fulorida kwana 10, Nebada kwana 5, kuma kar ka ɗauka kai tsaye cewa wannan damar ta shafi cinikin gwanjo, sai ka karanta dokar jihar da wajen yake.

Ga wanda ke Kano ko Yamai ko Kumasi yana tunanin ya mallaki wani abu a Amurka da araha, taimsheya ba ta ba da biza, ba ta ba da takardar zama, kuma kuɗin kulan da dala za ka riƙa biyansa ko ofishin jakadanci ya ba ka izinin shiga ko ya hana.

Gaskiya akwai waɗanda suka sayi ta hannu suke jin daɗinta, kuma in dai dole sai mutum ya saya to ta hannun ta fi sabuwa nesa ba kusa ba. Amma su waɗannan za ka tarar sun san wajen, sun taɓa kwana a ciki, suna iya zuwa da mota, kuma duk shekara suna amfani da satinsu. Kafin su taya sai sun nemi takarda daga wajen shaƙatawan da kansa wadda ke nuna sunan mai shi da lambar sati da ko akwai bashi, su kira ofishin su tambayi kuɗin kula na shekarun baya da ko akwai kuɗin gaggawa a hanya, su tambayi kashi nawa na masu satuttuka ne ba sa biya, su sa kuɗinsu a hannun amintaccen kamfani na tsakiya har sai suna ya canja, sannan su tambaya ko wajen yana karɓar satinsa in mutum ya gaji. Akwai kuma gwaji mai sauƙi, ka shiga RedWeek ko dandalin TUG ka duba nawa masu sati ke ba da hayar irin wannan satin a wannan wajen, sau da yawa za ka ga hayar ta yi daidai da kuɗin kulan ko ma ƙasa da shi, ka kama haya ka yi hutunka ka dawo ba wanda zai aiko maka da takardar kuɗin kula a Janairu.

In kuma mahaifi ne ko mahaifiya suka rasu a Amurka suka bar taimsheya cikin gado, magada ba dole ne su karɓa ba, doka ta ba su damar su rubuta ƙin karɓa a hukumance, amma akwai wa'adi kuma sharaɗin shine kar su yi amfani da satin ko sau ɗaya kafin nan, don haka a nemi lauyan gado na jihar da wuri kafin wani cikin 'ya'ya ya ce bari ya je ya ɗan huta a ciki.