Ƙwarin wake tun daga gona suke biyo mu gida

Jama'a dan Allah manoma da masu ajiye wake ku tsaya mu yi magana. Duk shekara sai an zo min da kuka wai an zuba wake lafiya lau a buhu, bayan wata biyu an buɗe an tarar duk ya zama huji da gari, ana ta cewa ƙwari sun shigo daga waje, alhali tun a gona uwar ƙwarin ta saka ƙwanta a jikin kwanson, tare kuka dawo gida.

Ɗebo wake a tafin hannunka ka duba da kyau. In ka ga ɗan farin ɗigo manne a jikin ƙwayar, ƙwai ne. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shige ciki ta yi ta ci ba ka gani, cikin sati 3 zuwa 4 lokacin zafi ta zama ƙwaro ta fito, wannan zagayayyen ramin ƙofar fitarta ce. Ƙwaron masara da dawa kuma baƙi-baƙi ne mai dogon baki.

Abin da ke tayar min da hankali wallahi shi ne masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan wake, abincin da yaranmu za su ci! Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin ma ba a ajiye ta a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta na kashe mutum.

Ƙwaron nan numfashi yake yi kamar mu, to a hana shi iska. A shanya wake ya bushe har in ka ciza ya ce ƙas, a sheƙe, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iskar a ɗaure kowanne daban. Kafin ka zuba ka duba ledar ko ta huje. Mai ɗan kaɗan, jarka mai tsabta ta wadatar, a cika ta maƙil a rufe gam.

Sai a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma dan Allah a daina buɗewa kullum ana ɗiban na alale, a ware na ci daban tun farko.