Ƙa'idar Bin Motar da Ta Ƙi Tsayawa a Wasan Kwaikwayon Rayuwa na GTA

Tun da kamfanin Rockstar Games ya fitar da wasan GTA V a shekarar 2013, 'yan wasa suka riƙa neman hanyar da za su zauna a jihar San Andreas, ƙirƙirarriyar jihar da wasan ke gudana a cikinta, kamar mutanen gari na gaske, kowa da sunansa da sana'arsa da abin da yake tsoro. Manhajar FiveM ce ta buɗe wannan ƙofa sosai, domin ta ba mutane damar kafa sabar tasu, wato dandalin intanet da 'yan wasa ke haɗuwa su yi wasa tare, da dokokinsu, har ta kai ga Rockstar ta ɗauki masu manhajar, wato Cfx.re, a watan Agustan 2023. A irin waɗannan sabobi ne ake samun wanda ya zaɓi zama jami'in sintiri na babbar hanya, aikin da aka gina a kan tsarin 'yan sandan manyan hanyoyin Kalifoniya, yana zirga-zirga daga Los Santos zuwa Sandy Shores ta hanyar Senora, ko ya bi gaɓar teku har Paleto Bay. Da yawa daga cikin rigingimun da ke kai 'yan wasa gaban masu kula da sabar daga wannan aiki suke tasowa, musamman a lokacin da direba ya ƙi tsayawa aka bi shi.

Abu na farko da ya kamata sabon shiga ya gane shi ne doka iri biyu ce ke aiki a lokaci guda. Akwai dokar cikin labari, wadda ta hana gudun wuce kima da tsallake danja da tuƙi ba lasisi, kuma wanda ya karya ta bai yi wa sabar laifi ba, ya dai jawo wa mutumin da yake wakilta tara ko ɗauri, wanda kuma shi ne abincin wasan. Akwai kuma dokar sabar kanta, wadda ta shafi mai riƙe da na'urar, kuma hukuncinta gargaɗi ne ko dakatarwa ko kora gaba ɗaya. Ɓarawon mota da ya tsere wa 'yan sanda ya yi aikinsa daidai. Ɗan sandan da ya banke shi ba tare da dalili ba shi ne ya taka dokar sabar, ko da a ƙarshe ya kama shi. Kowace sabar tana rubuta littafinta, adadi da ƙananan sharuɗɗa suna bambanta, amma ginshiƙin kusan ɗaya ne a ko'ina.

Komai yana farawa ne daga tsayar da mota. Jami'i ya ga wata baƙar mota ta wuce shi a kan babbar hanyar Route 68 fiye da gudun da aka ƙayyade, sai ya kunna fitilu, ya bi bayanta, ya sanar ta oba-oba da wurin da yake da launin motar da lambarta da yawan mutanen da ya hango a ciki, tun kafin ya buɗe ƙofarsa. Idan direban ya gangara gefen titi, jami'in zai ajiye tasa motar a baya da ɗan karkata, ya zo ya faɗi sunansa da dalilin tsayarwar, ya karɓi lasisi, ya koma ya duba sunan a kwamfutar motarsa. Ana bukatar dalili kafin a tsayar da mutum, kuma kasancewar jami'i ya san ɗan wasan a waje, ko ya ga yana fashi a bidiyon da yake watsawa kai tsaye, ba dalili ba ne. Amfani da labarin da mutumin cikin wasa bai samu ta hanyar wasa ba laifi ne babba a kusan kowace sabar.

Idan direban ya taka totur maimakon birki, an shiga kora. Motar da ta fara binsa ita ce ta gaba, aikinta kawai kada ya ɓace mata, ta biyu kuma ita ke ɗaukar magana a oba-oba, tana faɗin sunan titi da alƙibla da gudu da yanayin cunkoso, domin na gaba ya sa hankalinsa duka a kan sitiyari. Sabobi da yawa suna ƙayyade motocin da za su bi mota ɗaya zuwa uku ko huɗu, sauran su tare mararrabar da ke gaba ko su ci gaba da sintirinsu. Wasu suna ganin wannan ƙayyadewa sassauci ne ga masu laifi, amma ni ina ganinta cikin dokoki mafi hikima, domin idan motoci goma sha biyu suka rufu a kan mutum ɗaya saboda ya tsallake danja, babu sauran wasa a gare shi, kuma an bar gari ba mai amsa kiran wanda ake yi wa fashi a kanti. Haka nan ba a yarda jami'i ya wuce abokin aikinsa a tsakiyar kora ba sai da izini, kuma a wurare da yawa an hana shi bin mai gudu ta hannun da motoci ke tahowa.

Dabarar da ta fi jawo gardama ita ce wadda ake kira PIT. Jami'i yana matsowa har gaban motarsa ya daidaita da gefen bayan motar mai gudu, daidai bayan tayar baya, ya daidaita gudunsa da nata, sannan ya ɗan juya sitiyari ya tura ta a hankali. Tayoyin bayan sai su rasa riƙon kwalta, motar ta juya ta tsaya. Turawa ce, ba banka ba, kuma wannan bambanci shi ne dukan dokar. Dabarar daga aikin 'yan sanda na gaske aka ɗauko ta, inda rundunar gundumar Fairfax a jihar Bajiniya ta Amurka ta yi suna wajen fara amfani da ita a shekarun 1980, kuma rundunoni da yawa a can suna taƙaita ta ga gudun da bai wuce mil 35 zuwa 40 a sa'a ba, wato kilomita 56 zuwa 64, saboda sama da haka mota na iya wuntsilawa ta kashe na ciki.

Sabobin da suka ɗauki abin da muhimmanci sun kwafi wannan tunani, ko da sun ɗaga adadin gudun saboda motocin wasa sun fi na gaske juriya. Sai an nemi izinin babban jami'in da ke bakin aiki, sai korar ta ɗauki wasu mintuna, sai hanyar ta zama babu masu tafiya a ƙasa, kuma ba a yi wa babur ko mota mai ɗauke da wanda aka yi garkuwa da shi. Mai son ganin nauyin wannan izini ya dubi shari'ar Scott da Harris, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2007. Wani matashi mai shekara 19 a jihar Jojiya ya ƙi tsayawa bayan an gan shi yana gudun wuce kima, jami'in da ke binsa ya nemi izinin yi masa PIT aka ba shi, amma da ya ga gudun ya yi yawa sai ya doki bayan motar da bambarsa, ta bar titi ta kife, matashin ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙalai takwas cikin tara sun ce jami'in bai saɓa wa tsarin mulki ba, saboda gudun matashin ya jefa rayukan jama'a cikin haɗari. Ma'aunin da kotun ta yi, wato haɗarin barin mai gudu da haɗarin tsayar da shi da ƙarfi, shi ne ainihin abin da ake so babban jami'in wasa ya auna a cikin daƙiƙa biyun da ke tsakanin neman izini da amsawa.

Shimfiɗar ƙusoshi, wadda ake jefawa a kan titi don fasa tayoyin mai gudu, ba ta da yawan sharaɗi: jami'i ya riga mai gudu isa wuri, ya sanar da inda ya shimfiɗa, ya janye ta da zarar motar ta taka don kada abokan aikinsa su fasa nasu tayoyin. Idan jirgi mai saukar ungulu ya iso, motocin ƙasa sukan ja baya su bar shi ya riƙa ba da kwatance. Harbi kuwa ba a yin sa a kan wanda laifinsa gudu ne kawai, sai in shi ya fara harbi ko ya mai da motarsa makami, kuma wannan ma yana da tushe a shari'ar Tennessee da Garner ta 1985, wadda ta hana 'yan sandan Amurka kashe mai tserewa idan ba barazanar kisa ko mummunan rauni yake yi wa wani ba.

Mai gudun ma yana da nasa nauyi, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa. Ana sa ran mutumin da yake wakilta yana son ransa, saboda haka ba zai tuƙa ƙaramar mota ya faɗo daga saman dutsen Chiliad ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru ba, ba zai yi gudun fanfalaƙi da tayoyi huɗu a fashe ba, kuma idan an kewaye shi da bindigogi zai ɗaga hannu. Taka mutane da mota da gangan, wanda 'yan wasa ke kira VDM, yana cikin laifuffukan da suka fi saurin jawo korar mutum daga sabar. Haka ma mutumin da yake zagaya ofishin 'yan sanda yana ƙona taya don kawai a bi shi, ko wanda yake kashe wasan a daidai lokacin da ankwa za ta shiga hannunsa. Na ƙarshen nan yana da zafi, domin mutane biyar ko shida sun ba da rabin sa'arsu ga labarin, sai ɗaya ya yanke shi saboda ba ya son ƙarshensa.

Ga mai wasa daga Kano ko Maraɗi akwai wata matsala ta musamman, domin yawancin manyan sabobi a Turai da Amurka suke, kuma jinkirin intanet yana sa motar da kake gani a gabanka ta riga ta matsa daga wurin a allon mai ita. Turawar da ka yi a hankali tana iya bayyana a wurinsa a matsayin banka mai tsanani. Jami'in da ya san layinsa na rawa ya fi dacewa ya bar matsayin gaba ya karɓi magana a oba-oba, kuma wanda intanet ko wuta ta yanke masa a tsakiyar kora ya gaggauta sanar da masu kula, ya dawo ya miƙa kansa a inda aka tsaya, don a bambanta shi da mai tserewa da gangan.

Doka ta kuma ba babban jami'i ikon dakatar da kora, kuma idan ya ba da umarnin dole kowa ya kashe jiniya ya koma gudun da aka ƙayyade. Ana yin haka idan laifin ƙarami ne, hanya kuma ta shiga tsakiyar Los Santos inda mutane suka cika, ko kuma an riga an san direban, domin lambar motarsa na hannu, za a rubuta takardar kama shi, a same shi gobe a gareji ko gidan mai. Wanda yake ganin an zalunce shi a wata kora ba ya tsayar da wasa ya fara musu a bakin titi. Zai bari a kai shi ofis, a karanta masa tuhuma, ya gama zaman da aka yanke masa, sannan ya shigar da ƙara wurin masu kula tare da bidiyon abin da ya faru, wanda shi ya sa sabobi da yawa suke shawartar jami'ansu, wasu ma suna wajabta musu, su riƙa naɗar allonsu tun daga lokacin da suka hau aiki har su sauka.