Haruffa Masu Kauri da Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya bi ta PZ ko Sabon Gari a Zariya ya ɗaga kai ya dubi allunan shaguna, ya ga irin waɗannan haruffan. Ga abin da masu koyon zane a kwamfuta suka fi tambaya a kansu.

Mece ce ƙafa a jikin harafi?

Dubi T ko H a littafin makaranta. A ƙarshen kowace sanda akwai ɗan guntun layi da ya gitta, shi ne Turawa ke kira serif. Idan aka ƙara wa harafin jiki aka girmama shi, ya zama na kanun labari da talla.

Daga ina suka fito?

Daga Ingila, a farkon ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwa suka buƙaci fosta da za a karanta daga nesa. A 1815 Vincent Figgins na Landan ya fitar da haruffan da ƙafarsu ta yi kauri kamar tubali. Salon haruffa mai suna Clarendon ya biyo baya a 1845, sai Cooper Black mai zagayayyen jiki da aka yi a Amurka a 1922, wanda har yau ake ganinsa a kwalayen kaya.

Ina suka dace?

Kanun jarida, bangon littafi, allon shago, fostar walima ko maulidi. Kalma uku zuwa biyar sun isa. Kada a rubuta dogon bayani da su, domin idan aka ƙanƙanta su cikin haruffa irin su "a" da "e" yakan toshe, balle a takarda mai shan tawada.

To, yaya suke da rubutun Hausa?

Nan ne abin yake damuna ƙwarai. Yawancin waɗannan haruffan don Turanci aka zana su, babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. Sai ka rubuta Ƙofar Doka, kwamfuta ta aro siririyar Ƙ daga wani salon ta dasa a gaban ƙattin haruffa, kowa ya ga ramarta. Wani mai zanen kuma sai ya zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa. A Zariya, garin da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wannan bai kamace mu ba.

Ko da salon yana da su, a duba yadda lanƙwasar ta zauna. A harafi mai kauri wuri yana ƙaranci, takan manne da na kusa da ita, ko ta yi ƙanƙantar da mai wucewa a kan babur ba zai lura da ita ba.

Wanne zan ɗauka ke nan?

Noto Serif da Charis SIL suna da haruffanmu, suna da masu kauri, kuma kyauta ne. Kowane ka zaɓa, kafin a kai aiki wurin bugu ka rubuta ɓawo, ɗinki da Ƙaura da shi, ka buga a takarda, ka manna a bango, ka ja da baya taku goma ka karanta.