Horon faɗa da dogon takobi a tsarin Liechtenauer

Dogon takobin Turai makami ne da ake riƙewa da hannu biyu. Tsawonsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa kuwa bai cika kai kilo biyu ba. A ƙasashen Jamusawa, tsarin koyar da shi da ya fi yin suna shi ne na Johannes Liechtenauer, malamin takobi na ƙarni na 14.

Liechtenauer ya zuba iliminsa cikin gajerun baitoci, ya dunƙule ma'anarsu da gangan don kada kowa ya gane sai wanda ya zauna gaban malami. Ɗalibi ya haddace baiti, malami ya warware masa da takobi a hannu. Daga baya malamai irin su Sigmund Ringeck suka rubuta sharhi a kai.

Ana fara wa ɗalibi da tsayuwa huɗu. A ta "sa", wato bijimi, ƙota na gefen kai, tsini na duban fuskar abokin karawa kamar ƙaho. A ta "garma" ƙota na sauka zuwa ƙugu. Ta "wawa" tana da wayo duk da sunanta: a sunkuyar da tsini ƙasa, a bar kai a buɗe don a yaudari mai sara. Ta huɗun, a ɗaga takobi bisa kafaɗa ko sama da kai. Sai manyan sara biyar.

Amma zuciyar horon tana wurin da takubba biyu suka haɗu. Nan ake koyon abin da suke kira "ji", wato mutum ya gane ta ƙarfen ko abokin karawa ya danna da ƙarfi ko ya sassauta, ya amsa a wannan ƙiftawar. Idan ya danna, a zame masa. Idan ya yi laushi, a kutsa da tsini. Wannan ba ya koyuwa da saran iska, shi ya sa ake atisaye bibbiyu, da wani siririn takobi marar kaifi mai lanƙwasuwa da yanzu ake kira feda.

A 1487 Frederick na Uku, babban sarkin ƙasashen Jamusawa, ya ba Marxbrüder, ƙungiyar masu takobi ta birnin Frankfurt, ikon naɗa malaman dogon takobi. A ƙarni na 16 kuma akan yi gasa a bainar jama'a, inda sau da yawa wanda ya fitar wa ɗan'uwansa jini a ka shi ne ya ci.