Farashin sadaka: tambayoyin masu gidauniya a Sakkwato

Sadaka don Allah ake yi. Ina ruwan masanin tattalin arziki da ita?

Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Amma abin da ke shiga asusu ya danganta da yadda aka nemi taimakon, wannan kuwa ana iya auna shi. Farfesa John List na Jami'ar Shikago a Amurka ya daɗe a wannan fage. Dabararsa ita ce a kasa masu bayarwa kashi-kashi, kowane kashi a aika masa wasiƙa iri daban, sannan a ƙirga abin da ya shigo.

Za mu haƙa rijiyar burtsatse a unguwa. Mu fara shela ko mu fara tara wani abu?

Ku fara tarawa. A binciken da List da David Lucking-Reiley suka wallafa a 2002, an rubuta wa mutum 3,000 a jihar Fulorida ta Amurka. Inda aka ce kashi 67 cikin 100 na kuɗin aikin yana hannu, abin da aka samu ya kusa ninka sau shida na inda aka ce kashi 10 ne. Jama'a na tsoron aikin da zai tsaya a rabi, sai su ɗauki kuɗin farko shaida cewa wani ya bincika ya gamsu. Idan aikin na naira miliyan 6 ne, ku zaga wa masu hali biyu ko uku tukuna, ku riƙe miliyan 3 ko 4, sannan a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a faɗi adadin daidai. Kada a ƙara ko kwabo a kan gaskiya. Ranar da aka gano, gidauniya ta gaba ta mutu.

Wani Alhaji ya ce duk naira ɗaya da aka bayar zai ɗora uku. Mu karɓa?

Ku roƙe shi ya mayar ɗaya bisa ɗaya. Irin wannan alkawari rage farashi ne: da naira 500 mutum ya isar da 1,000. Dean Karlan da List sun gwada shi a kan mutum sama da 50,000, suka wallafa a 2007. Alkawarin ya ƙara kuɗin da kowace wasiƙa ke kawowa da kashi 19 cikin 100, amma ɗora biyu ko uku bai fi ɗora ɗaya ba. Idan miliyan guda Alhaji ya ware, a ɗaya bisa uku za ta ƙare da zarar jama'a sun ba da kusan 333,000. A ɗaya bisa ɗaya sai sun kai miliyan.

Bin gida-gida fa?

Yana kawo kuɗi, amma wani kunya ce ke sa shi bayarwa. A wani bincike na 2012, da aka sanar da mutane lokacin zuwan masu karɓa, waɗanda suka buɗe ƙofa sun ragu. A ganinmu, a ba mutane lambar asusu su bayar a ɓoye ya fi.

Wannan ya shafi zakka?

A'a. Zakka wajiba ce, nisabinta da kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi da mutanen da ake ba duk shari'a ta yanke, kuma jiha na da Hukumar Zakka da Waƙafi. Maganarmu a kan sadakar ganin dama ce da waƙafi.