Gudun gara, faɗa wa zago: tambayoyi kan neman cikakken tsira daga haɗari

Me ya sa mutum yake son a ba shi tabbaci ɗari bisa ɗari?

Saboda zuciya ba ta son zaman ɗar-ɗar. Ka tsaya kusa da ɗakin likita ka saurari abin da dangin majiyyaci suke tambaya kafin a shiga tiyata: "Likita, babu dai matsala ko?" Idan ya ce cikin mutum ɗari da ake yi wa wannan aiki biyu ne ke samun tangarɗa, hankalinsu ba zai kwanta ba, ko da yake magana ce mai daɗi. Abin da suke so su ji shi ne "babu komai". Shi ya sa mai maganin da ke shela da lasifika a bakin tasha ya fi likita kasuwa. Shi a wurinsa kowane magani sha-yanzu-magani-yanzu ne.

To ina laifin mutum ya guje wa abin da yake tsoro?

Babu laifi, muddin ya duba inda zai sa ƙafa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai a Amurka da jiragen sama huɗu da aka sace, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, Amurkawa da yawa sun daina hawa jirgin sama suka koma tuƙa mota, har a tafiyar da jirgi ke yi cikin awa biyu. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe mai suna Gerd Gigerenzer, ya bi alƙaluman haɗarin mota ya ƙiyasta cewa an samu ƙarin mutuwar mutane kusan 1,500 a titunan Amurka cikin shekara guda da ta biyo baya. Adadin ya ninka na fasinjojin da suka mutu a jirage huɗun nan sau da yawa. Amma ba a yi musu zaman makoki na ƙasa ba, domin ɗaiɗai suka riƙa mutuwa, yau ɗaya a nan, gobe biyu a can.

Me ya sa wani haɗarin ya fi ba mu tsoro alhali wani ya fi shi kisa?

Abin da ya kashe jama'a a tashi ɗaya, aka nuna hotonsa, shi ke zama a rai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan akwai batun sitiyari: mutum ya fi yarda da haɗarin da yake ganin linzaminsa na hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, amma za ka ga wanda ke karanta duk addu'ar da ya sani idan jirgi ya ɗan girgiza, ya sauka ya haye ɗan acaba su uku babu hular kwano.

An taɓa ganin irin wannan a wajenmu?

Ƙwarai kuwa, kuma mun ji a jikinmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa akwai abin hana haihuwa a ciki. Bai kamata a yi wa iyayen wancan lokaci dariya ba. Suna tune da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda ya ga haka yana da hujjar yin tambaya. Sai dai yayin da ake jiran tabbacin da zai gamsar da kowa, cutar ba ta jira ba. Kafin Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, ƙwayar ta riga ta bazu, daga baya kuma ta kai ga shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Samarin da muke gani yau a kan keken guragu a bakin danja, wasunsu 'ya'yan waɗannan shekarun ne.

Idan komai ƙaddara ce, me ya sa za a damu da lissafi?

Wannan tambaya ta girme mu. Lokacin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haka kuma hadisin mai raƙuma, wanda aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. A ganina mai cewa "ko na sa bel ko ban sa ba, in kwana ya ƙare ya ƙare" da mai cewa "ba zan yarda ba sai an rantse mini babu illa" jirgi ɗaya ya kwaso su. Dukansu sun ƙi ɗaukar wahalar aunawa.

Idan na auna, na zaɓi hanyar da ta fi aminci, shi ke nan na tsira?

A'a. Da garkuwa da mutane ta addabi titin Abuja zuwa Kaduna, manya da ƙanana sun koma jirgin ƙasa, har tikiti ya zama sai da ɗan hanya. Lissafinsu daidai ne a lokacin. Amma daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a layin dogo, suka kashe wasu fasinjoji, suka shige daji da mutum fiye da 60. Na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka ga gida. Da jirgin ya dawo aiki a Disamba, kowane matafiyi ya sake zama da tambayar da ya ɗauka ya gama da ita: titi ko dogo?