Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne

An daɗe ana cewa a Kano ciwon damuwa raunin imani ne, ko shafar aljanu. Cuta ce da ke kama kusan 5 cikin 100 na manya a duniya, har masu tsayuwar dare.

Ku lura da mutum: ƙuncin zuciya kusan kullum har mako 2, tuwo ya daina masa daɗi, barci ya ƙaurace, ya daina zuwa majalisa. To sai asibiti, ana haɗawa da addu'a.

Maganin kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, nan ne wasu ke ajiye shi da zaton ba ya aiki. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, a kai shi yau.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.